Daminar da Aka Sauko da Tagar Baba

Ban rubuta komai ba lokacin da abin nan ya faru, kuma shekaru sun ɗan ja, don haka ba zan iya rantsuwa a kan kowace magana da zan kawo ba. Wasu kalmomin ina jin su a kunnena har yanzu. Wasu kuwa ina zargin ni ne na cike gurbinsu daga baya ba tare da na sani ba. Abin da na tabbata shi ne damina ce, kuma Baba yana kwance.

Shekarar da na gama jami'a ce, ina gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Tun da rani hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, maganarsa ta zama sai an kasa kunne sosai. Da aka sallamo shi daga asibiti a Kano muka kwantar da shi a turakarsa, wani ɗakin ƙasa a ƙarshen gidan. A ƙauyenmu, can wajen Makoda, gida da gona a haɗe suke. Tsakanin bangon ɗakin Baba da kunyar farko ta gonarsa babu komai sai wata 'yar siririyar hanya da mutane ke bi zuwa rijiya.

Taga ɗaya ce a ɗakin, ƙarama, can sama kusa da azara. Haka magina na zamanin da suke yin taga, sama da kan mutum, don kada mai wucewa ya ga abin da ke ciki. Hadarin da aka yi shuka da ruwansa ya zo da iska mai ƙarfi da la'asar, ta fizge ƙyauren tagar ta jefar da shi cikin gona. Da na taka turmi na duba, sai na ga ashe gara ta daɗe da cinye katakon da ke riƙe da shi, ina taɓawa yana zuba kamar gari. Muka cusa buhu a wurin, ɗakin ya yi duhu.

A ganina ƙaramin aiki ne, a kira kafinta ya auna ya kawo sabuwa. Amma duk lokacin da aka ta da zancen a gaban Baba, sai ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna tagar, ya sauke hannun a hankali zuwa ƙasa, yana wata magana da ban gane ba. Ni sai in ce, "To Baba, za a gyara, in sha Allahu." Shi kuma sai ya runtse ido.

Inna ce ta gane. Ta kira ni madafa ta ce, "Kai da karatunka ba ka ji abin da Malam yake faɗa ba? Ba cewa yake a gyara ba. Cewa yake a sauko da ita. Gonarsa yake so ya gani."

Mutumin da tun yana yaro bai taɓa barin damina ta wuce ƙafarsa ba ta taka kunya ba, ga shi yana jin ƙarar fartanya a bayan bango, ba ya ganin komai.

"Ka je ka gaya wa wancan," in ji Inna.

Wancan shi ne Yaya, babban wanmu. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan nan ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta doguwar magana da shi. Duk abin da ke tsakaninsu ta bakina yake bi, kuma ina tsoron ba kullum nake isar da shi yadda aka ba ni ba, don nakan rage masa kaifi a hanya.

Yaya bai yarda ba, kuma ba na son wanda zai karanta wannan ya ɗauke shi marar tausayi. Shi ke ɗaga Baba, shi ke yi masa wanka, shi ke noman gonar. Ya ce, "Ka san mutumin nan ko hula ba ya cirewa a gaban mutane. Yanzu a buɗe shi, duk matar da za ta rijiya ta gan shi a kwance ana share masa miyau? Sannan wa ya taɓa fasa bangon ƙasa da damina?"

Duk da haka ya je ya tambayi Baffa magini, abokin Baba tun suna yara, wanda shi ne ma ya gina ɗakin. Amsar da ya dawo da ita gajeriya ce: bango ya sha ruwa, ba a taɓa shi, a bari sai kaka. Na kai wa Inna. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba. Da kaka an yanke gero, babu abin gani sai kara. Akwai kuma ɗayar maganar, wadda dukkanmu muka sani, babu wanda ya furta: ba lallai ne Baba ya kai kakar ba.

Ni ban iya tsayawa a kowane ɓangare ba. In na saurari Yaya sai in ga gaskiyarsa, in na shiga ɗakin na ga Baba yana kallon buhun nan sai in ga tasa. Cikin wannan kai-kawo ne wata dabara ta zo mini, wadda na ga kamar ba za ta ɓata wa kowa ba. Na ɗauko babban madubin ɗakin Inna, na cire buhun, na hau turmi na riƙe madubin a bakin tagar ina karkata shi, wai ko zai kamo gonar ya sauko wa Baba da ita kan gado. Na yi ta juyawa ina tambaya, "Baba, ka gani? Yanzu fa?" Sama kawai yake kamawa da reshen gawo. Da hannuna ya gaji na sauko, na jingina madubin da ƙafar gado kafin in sake gwadawa.

Ban yi tunanin cewa tun da ciwon ya same shi Baba bai ga fuskarsa ba. Ya daɗe yana kallo. Ya kai hannun hagu ya taɓa gefen bakinsa da ya zube, ya taɓa idon da ba ya rufuwa sosai. Sannan ya juya kansa wajen bango. Ranar bai karɓi kunu ba, washegari ma kaɗan ya sha. Ya kuma daina nuna tagar.

Ban san wanda ya kai wa Baffa labari ba. Ina kyautata zaton Inna ce ta aika ta hannun matarsa. Ya zo da hantsi, ya yi sallama da ƙarfi, ya zauna a bakin gado.

"Kai raggo," in ji shi. "An ce ka kwanta ka bar wa yara noma, yanzu kuma ka fara yajin abinci kamar amarya."

Baba bai juyo ba.

"An ce kuma ka ga fuskarka ka tsorata. Mu da muke ganinta shekara da shekaru mun mutu ne? Da can ma ai ba kyau gare ka ba."

Kafaɗar Baba ta motsa. Ina jin dariya ce, ko da yake ba zan tabbatar ba. Baffa ya tuɓe hula, ya ce in matsar masa da filo, ya miƙe a gefen gadon kusa da Baba, kansa daidai da kansa. Tsofaffi biyu a kwance suna kallon bango. Ya miƙa sandarsa ya dangwala wani wuri ƙasa da tagar sosai.

"Nan?"

Baba ya kama sandar da hagunsa ya ƙara saukar da ita kaɗan.

Sai Baffa ya daina wasa. Ya ce, "To saurara, don yaranka suna ta magana a kanka, babu wanda ya tambaye ka. In na fasa nan, duk mai zuwa rijiya zai gan ka yadda ka ga kanka. Ka yarda?"

Baba ya ɗauki lokaci yana haɗa kalmar. Ni na ji ta sarai, Yaya ma da ke tsaye a bakin ƙofa ya ji.

"Su gani."

"Bangon kuma ya sha ruwa. In ya zubo maka fa?"

Wannan amsar ta fi tsawo, sai da ya maimaita. Cewa ya yi, "Wa ya gina?"

"Ka ji ɗan banza," in ji Baffa, yana tashi yana neman hularsa. Ya dubi Yaya. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda kuka ce, Baffa."

Baffa ya ce ba zai taɓa bangon ba sai ruwa ya ɗan tsagaita an sami rana. Muka mayar da Baba ɗakin Inna, muka zauna kallon sama. Ban taɓa sanin manomi zai iya fatan ruwa ya dakata da damina ba, kuma na ji nauyin yin wannan addu'a, don gonakin mutane suna bukata. Kullum da safe Baffa yakan zo ya dafa bangon da tafin hannu, ya ɗan tsaya, ya tafi. Har wata safiya ya zo da guduma da wani guntun ƙarfe.

Bai faɗaɗa tagar ba ko kaɗan. Ya bar azarar da ke samanta yadda take, tunda ita ke ɗauke da nauyi, ya tokare ta da itace, sannan ya riƙa ɓantarar ƙasa daga ƙasan tagar yana sauka, kaɗan-kaɗan, yana miƙo mini a kwano. Na tambaye shi ko ba za a ƙara tokari ba, na sake tambaya, har ya ce, "Ɗana, je ka kwaɓa mini ƙasa, ka bar ni da tsoron da nake ji ni kaɗai." Cikin bangon ya fi wajensa danshi. Na ga ya ɗebi ƙasar ya murza a yatsa, ya ci gaba.

Kafinta ya kawo doguwar taga siririya mai ƙyaure biyu, na sama da na ƙasa. Yaya ne ya ce a yi ta haka. Shi ne kuma ya ɗaura igiya a ƙyauren ƙasa ya zagayo da ita ta kan ƙusa zuwa gefen gado na hagu, don Baba ya rufe da kansa duk lokacin da ya so, ba sai ya kira kowa ba. Baffa ya kafa ta, ya cike gefe da gefe, ya sa guntun kwanon rufi a ƙasanta don ruwa ya zuba waje, muka rufe sabon yaɓen da zana da leda. Muka ɗora ƙafafun gadon a kan bulo.

Da muka dawo da Baba, gero ya kai gwiwa. Yaya ya jingina shi da filo, na ture ƙyauren. Haske ya shigo har kan bargonsa. Ya daɗe yana kallo, mu kuma muna kallonsa. Inna tana tsaye daga waje, ba ta shigo ba saboda Yaya yana ciki. Na zaci zai yi kuka, ko ya yi hamdala. Sai ya ɗaga hannu ya nuna wani gefe wajen gawon, inda shuka ba ta fito sosai ba, ya dubi Yaya ya ce, "Dashe." Yaya ya fita ya ɗauki fartanya a lokacin.

Abin da Yaya ya ji tsoro ya faru, ba zan ɓoye ba. Yara sun leƙa, wasu sun yi dariya sun gudu. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta yi salati da ƙarfi har ya ji. Akwai ranakun da igiyar take a ja tun safe har magariba, ba ma tambayarsa dalili. Amma akwai kuma ranakun da masu wucewa ke tsayawa su ce, "Malam, ya jiki? Ya ruwa?" ya ɗaga musu hannu. Tsofaffin unguwa suka koma zama a gindin tagar bayan la'asar, suna gardamar taki, yana saurare. Ya ga an yi maimai, ya ga gero ya wuce tsayin mutum har ya rufe masa gawon, ya ga ya fitar da kai.

Da marka ta kankama, bangon ya tsage daga ƙasan tagar zuwa tushe. Bai faɗi ba, Baffa ya tokare shi ta waje. Har yau Yaya yana cewa fasawar ce ta jawo, Baffa kuwa har ya rasu yana cewa indararo ne ya toshe. Ni ban san wanda ya fi gaskiya ba.

Baba ya rasu kafin a yanke geron, da hantsi, ƙyauren a buɗe. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baffa.

Akwai wuraren da na san ba mu daidaita ba. Inna tana cewa an gasa masa tumu daga gonar ya ɗanɗana, ni kuwa a tunanina bai kai lokacin ba, kuma ina fatan ita ce mai gaskiya. Ƙanwata tana cewa ba Yaya ne ya kawo shawarar igiyar ba, kafinta ne. Wataƙila kuma na sa wa Baffa maganar da ba haka ya faɗe ta ba, ga shi ba ya nan balle ya musa. Don haka ina roƙon duk wanda ya ga wannan da idonsa, 'yan gidanmu da waɗanda suka zauna a gindin tagar nan, in ya ga inda na kauce ko na rage wa wani haƙƙinsa, ya aiko mini ko da ta bakin mai shigowa Kano ne, in gyara.