Bolti Biyar Don Yayana

Ni mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya auna. An san ni da haka a gidanmu na Kara-Kara tun ina ɗan lekol, wato makarantar boko, kuma an sha yi mini dariya a kai. Aikina koyarwa ne, amma Asabar da Lahadi na tsofaffin rediyo ne da ordinatoci, wato kwamfutoci, waɗanda masu su suka fid da rai da su. Sha'awa ce kawai, ba sana'a ba, kuma ba zan yi kawaici ba, na iya.

Yayana ya yi shekaru yana da ɗan shago a Zango inda yake buga wa mutane takardu a wata farar ordinatar irin ta da, mai ƙaton ekaran, wato gilashin da rubutu ke fitowa a kai. Da kowa ya samu waya sai ya rufe shagon, ordinatar ta koma ƙuryar ɗaki aka lulluɓe ta da tsohon zane. Shi ne mai bakin gidanmu. Har na yi furfura bai daina kirana Auta ba, kuma bai taɓa ganina da ƙarfen dalma a hannu ba ya wuce bai tsokane ni ba.

Sai hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Likita ya ce hankalinsa na nan garau, kalmomin ma suna nan, harshen ne ya ƙi. Muka ba shi biro, hannun hagu ya kasa riƙewa. Muka ba shi waya, haruffan suka yi masa ƙanana. Na aro ordinatar zamani da aka sayo daga Kano, ya duba ya ture ta, don jerin haruffanta na Ingilishi ne, shi kuwa yatsunsa jerin Faransanci suka sani. Ya ɗaga sandarsa ya nuna ƙuryar ɗakin. Matarsa, wadda ke ɗaga shi tana kwantar da shi ita kaɗai tun da abin ya faru, ta dube ni ta ce, "To, gwanin gyara, ga ranarka."

Na buɗe ordinatar a kan tabarma. Abin da ya tsayar da ni shi ne akwatin da ke raba mata wuta. Aikinsa ya karɓi kuran na gari, wato lantarki, ya mai da shi bolti biyar don babban allon ciki. Idan ya tsufa yakan zarce, kuma in ya zarce allon ya ƙone nan take. Irin wannan allo babu shi a Damagaram, babu a Kano. Kilabiyenta kuma, madannin haruffan nan da Yaya yake so, kan wayarsa ƙato ne mai zagaye, ba ya shiga kowace na'ura ta yanzu. Ordinatar guda ɗaya muke da ita, kuma gwaji ɗaya za ta ba ni.

Ina da miltimetir, 'yar rawayar nan ta auna wuta da kowane mai gyara ke da ita. Da safe ta ce mini biyar, da rana ta yi zafi ta ce shida, ga akwati ɗaya. A rediyo zan iya haƙuri da irin wannan hali, a nan kuwa ba zan iya ba. Na mayar da murfi na ce sai na samo wata mitar. Yaya ya buga sanda a ƙasa da ƙarfi. Ya yi fushi, na gani, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai, amma ban jona ba.

Na hau kabu-kabu zuwa Zango, wurin wani Alhaji Bakano mai sayar da kayan wuta, aminin marigayi babanmu. A nan wahalar take. Mutumin da ya ci tuwo da ubanka ba ka gwada kayansa a gabansa, don kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Abin da ya miƙo maka shi za ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, in ya so ka je gida ka yi ta ƙunƙuni. Muka gaisa, ya tambayi jikin Yaya, ya yi masa addu'a, na ce miltimetir nake nema, ya miƙo mini rawaya sabuwa a leda, ƙanwar wadda na baro a gida.

"Ga ta nan, ɗana. Ita kowa ke saye. Ji." Ya haɗa bakin wayoyinta biyu, ta yi ɗan kuka. A kasuwarmu gwajin ke nan gaba ɗaya: in ta yi kuka, lafiyarta ƙalau.

Na zo da sabon pil, wato batir, a aljihu, don na san abin da zan tarar. Ban taɓa mitar ba. Na durƙusa na miƙa masa pil ɗin na ce, "Baba, ina shakkar wannan pil ɗin. Ko za ka auna mini shi? Idona ba ya ganin lambar sosai."

Ya auna, ya faɗi lamba. Na ce, "Baba, a ƙara da waccan don zuciyata ta kwanta." Ya ɗauko ta biyu, ta ba da wata lamba daban. Ta ukun da kansa ya ciro ta ba tare da na roƙa ba, ita ma ta faɗi tata. Ya jera su a kan tebur, sannan ya leƙo ni ta saman tabarau.

"Idonka ne ba ya gani, ko?" Ya fashe da dariya. "Ubanka sak. Me za ka auna da har ka zo mini da wannan dabara?"

Na gaya masa komai. Dariyar ta tsaya. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata ta gwanjo, ruwan toka, mai nauyi, jikinta duk ƙarzuwa. Ya ce wani mai gyaran injin asibiti ne ya bari da zai bar gari. Wannan karon shi ya ce, "Gwada da hannunka." Da izini kuwa na gwada ta son raina. Na auna pil sau da yawa, lamba ɗaya take ba ni, ba ta rawa. Wayoyinta masu laushi ne, bakinsu siriri, zai shiga tsakanin ƙafafun da ke kusa da juna bai haɗa su ba. Na buɗe bayanta na ga fizibil na gaske, mai yanke wuta in ta yi yawa, ba guntun waya ba. Na ce ita nake so. Ya ce, "In yayanka ya yi magana, ka zo ka gaya mini abin da ya fara cewa."

A gida na cire akwatin wutar daga jikin allon, na jona masa tsohon ƙwan babur don ya ɗauki nauyi, na kunna. Biyar. Matar Yaya ta ce, "Ai ga shi nan, tun tuni da an gama." Na ce a dakata ya yi ɗumi. Muna kallo lambar ta fara hawa, ta wuce shida, ta doshi bakwai. Na kashe. Na ji daɗin taurin kaina a ranar fiye da kowace rana. A ciki na samu kondansatar biyu, 'yan gwangwanayen nan masu daidaita wuta, sun kumbura kamar ƙosai. Na canza su, na liƙe da dalma, na sake kunnawa, na bar shi har aka yi la'asar aka dawo. Biyar, ba motsi.

Sai na jona. Fanka ta juya, ekaran ya yi haske a hankali, rubutu ya fito. Muka jingina Yaya da matashi, na ɗora masa kilabiye a cinya. Ya shafa shi da tafin hagu, sannan ya fara dannawa da yatsa ɗaya, kowane harafi sai ya huta.

AUTA KA CIKA NAWA.

Na yi dariya har hawaye suka zubo mini, kuma ban ji kunyar su ba. Muryarsa ce sak, babu abin da ya ragu.

Ya ɗaga ido ya nemi matarsa, ya yi mata alama ta matso. Ta zo tana goge hannu da gefen zani, tana cewa ita ma ta san tsokana ce ke jiranta. Ya daɗe a kan wannan layin. Ta sunkuya tana karantawa a fili, harafi na bin harafi, har muryarta ta tsaya a tsakiya.

NA SAN KIN GAJI. INA GANI. SANNU.

Ta zauna a ƙasa kusa da gadon ta rufe fuska da mayafi. Na naɗe wayoyin mitata, na ɗauki takalmana, na ja musu ƙofa.