Dangar Inna a Diobu

Wata Juma'a a ƙarshen daminar 1966, ina 'yar shekara tara, na tsaya a ƙofar ɗakinmu a Diobu ta Fatakwal ina kallon maza suna tuge dangar mahaifiyata. Da asubar ranar Inna ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Gari kuwa ya riga ya rikice, an ce duk ɗan Arewa ya tattara ya koma gida, kasuwa a kulle, ba inda za a sami busasshen icen da ake jerawa a kan kabari kafin a tura ƙasa. Malam Ado limaminmu ya yi ta ƙorafi, wai shi tunda yake bai taɓa rufe mamaci da ɗanyen icce ba, amma da ya ga rana na tafiya sai ya haƙura. Ni dai ba gawar nake wa kuka ba a lokacin, don ban gama ganewa ba. Haushina shi ne awaki za su shiga lambun Inna, kuma ni za a ce ban kula ba.

Lambun nan bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma ya sha ƙuruciyata. Inna ta shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa, don ta ce ba za ta zauna garin da ba miyar gida ba. Aikina cire ciyawa, kuma ciyawar Fatakwal ba ta da kunya: ka cire da safe, kafin la'asar ta leƙo tana kallonka. In ruwa ya sauko in jera bokitai a ƙarƙashin indararo, in rana ta fito in taya Baba shanya albasar da yake sayarwa. Abin da ya rage na yini sai 'yar carafke da duwatsu a gindin dangar. Dangar ta iccen aduruku ce. Maƙwabciyarmu Mama Ngozi ce ta saro wa Inna sandunan, ta caka su a ƙasa ba saiwa ba ganye, ta ce da Turancin Buroka, "Dis wan no de dai," wato wannan ba ya mutuwa. Suka kuwa toho, suka yi fure mai ruwan hoda, buɗaɗɗen baki kamar algaita. Nakan tsinka in tsotsi zaƙin gindinsa, Inna ta ce, "Binta, ki bar wa zuma rabonta."

Maza suka kai ta maƙabartar da ke bayan unguwa, ni mace ba a je da ni ba. Kwanaki kaɗan bayan haka aka loda mu a jirgin ƙasa zuwa Zariya, gidan Goggo, yayar Baba. Ba a cuce ni a gidan ba, gaskiya, amma kaɗaici ya ci ni. Yara suna dariyar Hausata, suna kirana 'yar Fatakwal, in an fita gaɗa ni ce mai tsayawa a baya don ban san waƙoƙin ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke kuwa, tunanina ɗaya ne: Inna tana can ita kaɗai, ba mai zuwa ya yi mata addu'a, ruwan sama yana zuba a kanta. Duk lokacin da na tambayi Baba sai ya ce in kwantar da hankalina, ya sa alama yadda ake yi: fasasshiyar tukunya a wajen kai, ga bishiyar mangwaro a gabas, ga katangar wata makaranta a kudu. Alamar mutanen Arewa ke nan, inda kabari kan yi shekaru da tudunsa ba abin da ya taɓa shi. Goggo dai takan ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi," ni kuma in ji kamar in cije ta.

Da aka gama yaƙi Baba ya shirya komawa ya ga abin da ya saura. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, har ya gaji ya tafi da ni. Ban gane unguwarmu ba. Rufin ɗakinmu babu, gwanda ta tsiro a daidai inda gadon Inna yake, har ta yi 'ya'ya. Wata ƙonanniyar motar soja kabewa ta naɗe ta tun daga taya har sama, ramin da bom ya haƙa ya zama kududdufi, kwaɗi suna ta kuka da rana tsaka. Maƙabartar kuwa ta koma daji baƙi ƙirin. Katangar makaranta ta rushe, mangwaro an sare ko ya ƙone, balle wata tukunya.

Muka yi kwana da kwanaki muna nema. Baba yana gaba da adda yana sara, ina biye ina jan rassa, ƙaya ta yayyage mini ƙafafu, ba kowa sai mu da tsuntsaye. Ban taɓa jin Baba ya yi zagi ba sai a dajin nan. Rannan da yamma ya ce gobe za mu koma, Allah ya san inda take, addu'a daga ko'ina tana zuwa. Ya faɗi haka ne bai dube ni ba. Sannan ya ɗaga adda zai buɗe mana hanyar fita ta cikin wasu dogayen itatuwa da suka tare mu, sai na ga fure mai ruwan hoda a zube a ƙasa. Na ɗauka na tsotsa, haka kawai, don hannuna ya saba.

Na ce, "Baba, tsaya. Dangar Inna ce."

Ya sauke addar ya duba. Itatuwan layi biyu ne a jere, kusa da kusa, daga kudu zuwa arewa, tsawon mutum a kwance. Sandunan da aka gitta a kan kabarin ne suka yi saiwa, kowanne ya toho ta bakinsa biyu. Baba ya cire takalmansa, ya durƙusa ya yi mata sallama. Sannan ya fara addu'a.

Yanzu na tsufa a Zariya, ƙafa ba ta kai ni Fatakwal. Ɗana da ke sayar da albasa a can ya ce wurin ya zama shaguna da garejin masu gyaran keke, an zuba siminti ko'ina, ba wanda ya san akwai kabari. Amma ya ce a gindin wata katanga akwai aduruku da ke tsaga siminti ya fito, masu shago su sare, damina ta dawo da shi. A nan yake tsayawa ran Juma'a ya yi wa kakarsa addu'a. Mu da muka yi mata kuka duk mun tafi, iccen da bai yi mata alkawarin komai ba shi ya zauna da ita.