Gwani Kolo da Katin da Aka Wanke

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Gwani Kolo a Haɗeja, tun da na ajiye aikin jirgin ƙasa a tashar Birniwa na dawo gida. Kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka zo, kuma rubuta Alƙur'ani da hannu shi ne gadonsa. Ni kuwa a makarantar mishan na koyi riƙe alƙalami, inda ake buga wa yaro rula a yatsu in harafi ya sauka daga layi. Shi ya sa yake kirana Ɗan Mishan. Ban taɓa jin haushi ba, domin ko ba komai mun haɗu a kan ƙyamar rubutun gaggawa.

Yadda yake aikinsa shi ne, sai ya fara rubuta baƙaƙe zalla da baƙar tawada, daga Fatiha har Nasi, ba wasali ko ɗaya. In ya kai ƙarshe sai ya koma farko, ya sa ɗigo mai ruwan ɗorawa a duk inda hamza take. Daga nan ya sake komawa da jar tawada, ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya yana sa musu wasali. Jan shi ne mai cin ido, don a nan ne ɗan kuskure kamar ƙwayar gero yake canza karatu. Da kansa yake dafa tawadarsa da bagaruwa da ƙaro, da kansa yake feƙe alƙalaminsa. Matarsa 'Yar'azumi ce mai kula da ɗakin rubutun. Tun tana amarya ta kafa doka cewa babu abin da zai shiga ɗakin nan daga kasuwa sai an wanke shi. Tabarma ce, kwalba ce, ko buzu, sai ya ga ruwa.

Abin da ya rubuta a rayuwarsa duk ya tafi. Wasu suna Nguru, wasu Gashuwa, wasu sun ƙetare har Borno. Ko ɗaya bai zauna a gidansa ba. Sai da furfura ta gama rufe shi sannan ya fara wanda ya ce na gida ne, wanda zai bar wa 'ya'yansa. Ya gama baƙaƙen, ya gama hamza, ya ci fiye da rabin jan, sai ido ya fara ja da baya. An kai shi Kano, likita ya ce ba yana ba ce balle a cire, gani ne yake dusashewa daga ciki, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Na ce masa ya ba wani daga cikin ɗalibansa ya ƙarasa. Ya ce, "Ɗan Mishan, in an buɗe shi bayan raina za a ga inda hannuna ya tsaya. Ba na so jikokina su riƙa nuna wurin suna cewa a nan Kaka ya makance."

Autarsa Zara tana da shagon buga takardu kusa da tashar mota. Kwamfuta biyu gare ta: sabuwar da take aiki da ita, da wata tsohuwa da ta ture ƙarƙashin tebur. Ita ce ta zo da dabara. Za a rataya ƙaramar kyamara a saman takardar, tana kallon ƙasa, kwamfuta ta ɗauki hoton ta zuba shi a babban talabijin. Gwani zai riƙa kallon bakin alƙalaminsa a gilashi, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ta so ta kawo sabuwar, ya hana. Ya ce ba zai rufe mata shago don ya buɗe nasa ba.

Da aka gwada da tsohuwar, abin bai yi ba. Ba ta da ramin da wayar talabijin take shiga, sai ɗan gilashinta da bai fi allon yaro ba. Hoton kuma ja yake yi, hannu ya wuce, shi yana baya. Gwani ya ɗan gwada ya ajiye.

"Auta, wannan alƙalamin na cikin gilashi malalaci ne. Na gama fataha, shi ko tasowa bai yi ba."

Zara ta yi mana bayani cewa akwai wani ɗan faifai da ake cusawa cikin kwamfuta, katin hoto, shi ne zai ɗauke mata nauyin nuna hoto, kuma yana zuwa da ramin talabijin. Na yayi ba za su yi ba. Ban da tsada, sun yi wa akwatin tsohuwar girma, wutar da suke ci kuma ta fi ƙarfinta. Abin da ake nema tsohon yayi ne, gajere, mai cin wuta kaɗan, irin wanda yanzu masu kwamfuta ba sa waiwaya. Ta yi ta cigiya har aka ce mata wani Sunusi a Kafin Hausa yana rufe gidan wasansa, inda samari suke buga ƙwallo a kwamfuta, don yanzu kowa a wayarsa yake yi.

Ranar kasuwa na raka ta. Shekarar da ruwa ya yi yawa ce, hanya ruwa dama da hagu, kan shinkafa kaɗai ke leƙowa, masu kwalekwale suna ratsa gonaki. Da muna yara ambaliya irin wannan murna ce, don kifi har bakin ƙofa. Yanzu kowa buhun yashi yake nema.

Sunusi ya zaro katin daga wata kwamfuta ya hure shi. Ƙura da yanar gizo-gizo sun cushe 'yar fankar da ke jikinsa, ga warin taba.

Ya ce, "Hajiya, katin nan ya buga ƙwallo fiye da duk samarin garin nan, ko sau ɗaya bai nemi canji ba."

Zara ta ce, "To yau ya yi ritaya. Tsoho zai je ya yi wa tsoho aiki. Mayar da shi ka kunna na gani."

Ya kunna, hoto ya fito tas, fanka tana juyawa da ɗan gurnani. Da ya ji abin da za a yi da shi, bai tsaya ciniki ba, har wayar haɗa shi da talabijin ya ƙara mata.

Da la'asar muka iso. Zara ta ba uwarta labarin gidan wasan tana dariya, ta ajiye katin a taga naɗe cikin jarida, ta ce da safe za ta haɗa, ta wuce shago.

Da safe salatin Zara na jiyo ta kan katanga. Na yi sallama na shiga. Ga katin nan a kan igiyar shanya, an maƙale shi tsakanin zane da hular Gwani, yana ɗigar ruwa, yana ƙyalli kamar sabo.

"Inna! Me kika yi?"

'Yar'azumi ta ce, "Wankewa na yi. Abin da ya shekara a gidan wasa yana shan hayaƙin taba, shi zan bari ya shiga ɗakin Malam haka? Kin ga baƙin ruwan da ya fita kuwa? Sai da na sa tsohon buroshi."

"Inna, wuta yake ci! Ruwa kashe shi yake yi!"

"To ai ba a jikin wutar na wanke shi ba, Auta."

Zara ta zauna a kan turmi ta dafe kai. Daga nan ne 'Yar'azumi ta gane abin ba na wasa ba ne. Ta dubi katin, ta dubi ƙofar ɗakin mijinta. Gwani ya fito yana lalube da sandarsa, aka gaya masa. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Akwai wani?"

Zara ta ce na Sunusi ke nan ɗaya. Sai dai a aika Kano a yi ta nema, kuma ba ta san yaushe za a dace ba.

Gwani ya ce, "Ita ta yi aikinta. Da bai ga ruwa ba ni ma da ban saki jiki da shi ba. Ku shanya shi."

Zara ta ce muddin ba a sa masa wuta da danshi a jikinsa ba, akwai ɗan fata. Aka riƙa ɗora shi a faranti ana kai shi rana da hantsi, da yamma a binne shi cikin buhun shinkafa don ta tsotse danshin. 'Yar'azumi ce ta karɓi aikin. Tana juya shi kamar mai shanyar kuɓewa, tana korar kaji, in hadari ya taso ita ce farkon fita da gudu, da tsufanta. Abinci ma ba ta ci sosai. Kullum sai ta tambayi Zara ko ya bushe, Zara ta ce a ƙara masa.

A kwanakin nan na fi zama da Gwani a zaure. Wata rana ya ɗaga wata takarda har tana taɓa hancinsa, ya ce, "Makon jiya daga nan nake rarrabe ɗigo biyu da ɗigo uku. Yau sai na yi zato." Ya ajiye takardar.

Ranar da Zara ta yarda a gwada, duk muna ɗakin. Ta cusa katin, ta ɗaura waya, ta yi bisimilla ta danna. Talabijin ya yi baƙi, ya yi shuɗi, sai ga shafin Gwani ya cika gilashi, baƙaƙen nan manya-manya. Ya kai alƙalami, na cikin gilashi ya bi shi nan take. Ya sa fataha ɗaya, ya sa kisira, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

"Ashe haka harafin wawu nawa yake da ƙaton ciki, ba wanda ya taɓa gaya mini!"

Bai gama layi na biyu ba hoton ya farfashe, ya ɗauke. Zara ta taɓa katin ta janye yatsa. Katin ya rayu, amma 'yar fankarsa ta mutu a wanka, zafi ne yake kashe hoton. Aka kawo fankar ɗaki. Ta watsa takardu, ta busar da tawada a bakin alƙalami, ga shi tana shanye batirin sola. Zara ta ce za ta nemo wata 'yar fanka da za ta shiga, amma sai an bincika.

'Yar'azumi ta tashi. Ta fita ta dawo da maficinta na kaba da 'yar kujera, ta zauna gefen akwatin kwamfutar da aka buɗe, ta fara fifita katin a hankali, kamar mai tada garwashi. Zara ta sake kunnawa. Hoto ya zo, ya zauna.

Haka aka yi ta yi har aka yanke shinkafar da ruwa ya bari. Bayan hantsi Gwani ya zauna gaban gilashi, ita ta zauna gaban akwati. In hannun dama ya gaji ta koma hagu. Da Zara ta samo fankar daga baya, 'Yar'azumi ta ce a ajiye, kada a taɓa abin da yake aiki. Wani lokaci nakan jiyo su ta taga.

"Kin rage hannu, hoto yana rawa."

"Idonka ne yake rawa, Malam. Rubuta."

Sannu a hankali sai da aka riƙa matso masa da talabijin, Zara tana ƙara girman haruffa, har ya zama kalma biyu ke cika gilashin. Aikin ya ƙara nauyi, amma bai fasa ba.

Ranar da ya kai shafin ƙarshe ya aika aka kira ni. Na zauna a bakin ƙofa. Ya bi gajerun surorin nan a hankali, goshinsa kusan a jikin gilashi, leɓunansa suna motsi. Ya iso kalmar ƙarshe, ya tsoma alƙalami a ja, ya sa kisira a ƙarƙashin sin. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya goge bakin alƙalamin da tsumma, ya rufe kwalbar.

'Yar'azumi ba ta ganin gilashin daga inda take, tana ta fifita.

Ya ce, "Ke 'Yar'azumi, ajiye maficin. An gama."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta goge ido da bakin mayafi, ɗaya hannun bai tsaya ba. "Bari dai ya ɗan huce tukuna."