Sun Kira Ka Fasto, Malam Kalilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, huɗu ga watan Safar 1447, wadda ta yi daidai da 29 ga Yulin 2025, Allah ya karɓi ran Malam Kalilu Sabiru a Daura, bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki. Tsohon malamin tarihi ne, abokin aikina a wata sakandare da ke kan hanyar Zango. Ya bar matarsa Laraba da 'yarsa Fadila. An saba idan mutum ya rasu a ce garinsu ya yi rashi. Ni ba zan faɗi haka ba, domin garinsu ya yar da shi tun yana numfashi.

Malam Kalilu, da kai zan yi magana yau, tunda masu rai sun toshe kunnuwansu.

Tun muna matasan malamai na san ka da wani karatu da ba kowa ya damu da shi ba. A jami'a ka yi bincike a kan 'yan Metodis na farko, wasu Kiristoci da suka taso a Ingila kusan shekara ɗari uku da suka wuce. Kana yawan ba mu labarinsu a ɗakin malamai. Ka ce manyan coci sun hana su mumbari, sai suka fita fili suna yi wa masu haƙar kwal da mashaya wa'azi, har ƙato ya faɗi ƙasa yana kuka saboda tsoron zunubinsa. Ka ce an jefe su, an sakar musu bijimi a tsakiyar taro. Abin da ya fi burge ka shi ne yadda suke haɗuwa 'yan kaɗan kowane mako, kowa ya faɗi gaskiyar halin da zuciyarsa take ciki da Ubangijinsa. Wata rana na tsokane ka, na ce, "Malam, ko dai sun saye ka?" Ka yi dariya ka ce, "Maliki, Musulmi aka haife ni, Musulmi zan mutu in Allah ya yarda. Amma kukan mai tsoron Allah, ko da wane yare aka yi shi, ina gane shi."

Da ka yi ritaya ka koma ƙauyenku kana noman gero da gyaɗa. A nan ka haɗu da Mahdi. Ɗan acaba ne da ƙwaya ta ci ƙarfinsa, uwarsa ma ta gaji da yi masa kuka. Ya ɗauko abokinsa a buge, suka yi karo da motar itace, abokin ya mutu nan take, shi ko ƙwarzane bai yi ba. Gari ya tsine masa. Kai ka je ka ɗago shi daga bayan tasha, inda yake kwance yana karkarwa. Ka kai shi zaurenka, Laraba ta dama masa kunu, ka koya masa alwala kamar ƙaramin yaro. Ya ce maka Allah ba zai taɓa yafe masa ba. Ka karanta masa ayar da ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, ya kifa kansa a gwiwarka ya yi kukan da maƙwabta suka ji.

Daga nan zaman Alhamis ya fara. Bayan la'asar kuna haɗuwa a gindin tsamiyar ƙofar gidanka, kai da shi da samarin da ya jawo. Tambaya ɗaya kake yi wa kowa: yaya kai da Allah a wannan mako? Sharaɗi ɗaya ka kafa, abin da aka faɗa a gindin tsamiya ba ya tashi daga can. Na halarta sau da yawa. Na ga mai sayar da ƙwaya ya zuba kayansa a masai. Na ga wanda ya shekara bai gai da mahaifinsa ba ya tashi a tsakiyar zama ya tafi ya durƙusa masa. Masallacin unguwa ya cika da asuba, har aka riƙa shimfiɗa tabarmi a waje. Mutanen Baure da Dutsi suka fara zuwa kallo, wasu suka koma da hawaye.

Ba ka keɓe kanka daga tambayar ba. Da layi ya zo kanka wata Alhamis, ka gaya musu abin da ko ni ba ka taɓa gaya mini ba. Ka ce lokacin da ɗanka Ma'aruf ya nutse a kududdufi, ka daɗe kana salla da jiki kawai, zuciyarka kamar dutse, har kana jin haushin ƙaddara. Ka ce Allah ne ya dawo da kai a wani tafsirin azumi. Ka faɗa ne don su san malaminsu ma ya taɓa faɗuwa ya tashi.

Allah ya ba Mahdi murya. Ya sayi lasifika, ya fara wa'azi ranar kasuwa, jama'a na kewaye shi. Ka yi murna da shi kamar ɗan cikinka. Sai wani baƙo ya tambaye ka a gaban mutane inda ka samo wannan tsari na Alhamis. Da ka ce daga littattafan magabata ne, da ba ka yi ƙarya ba, domin yi wa kai hisabi tsohon abu ne a addininmu. Amma kai ba ka iya rabin gaskiya ba. Ka ce asalinsa namu ne, sai dai labarin 'yan Metodis ne ya tuna maka da shi.

Kasuwa mai zuwa Mahdi ya hau kan benci ya ce an shayar da su gubar Nasara ba su sani ba. Don ya tabbatar wa jama'a, ya ɗauko sirrin gindin tsamiya ya zazzage a lasifika. Ya ce ga mutumin da ya faɗa da bakinsa cewa ya yi fushi da Allah. Ya kira sunan Ma'aruf. Laraba tana rumfar masu daddawa a lokacin, a nan ta ji sunan ɗanta da ya mutu yana fita daga lasifika, mutane suna kabbara.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani, kada wani ya ce bai sani ba. Aka laƙaba maka Fasto. Ka yi sallama a ƙi amsawa. Ka tsaya a sahu, na damanka da na hagunka su ja baya. Iyayen saurayin Fadila suka aiko a mayar musu da kayansu. Geronka ya fitar da kai, aka shiga aka sassare shi ɗanye, aka bar shi a kwance, ko akuya ba a ba ba. Na roƙe ka ka dawo Daura ka zauna a gidana. Ka ce, "Idan na tafi, yaran za su ɗauka duk abin da suka ji a jikinsu ƙarya ne, su koma gidan jiya." Kowace Alhamis ka ci gaba da shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, ka zauna kai kaɗai har magariba.

A kan wannan tabarma ka faɗi. Fadila ta ruga tasha da hawaye, ga babura a jere, yawancin masu su ta zaurenka suka bi suka shiryu. Ba wanda ya tayar da nasa. Sai da ta kira ni a waya na zo da mota, lokacin bakinka ya riga ya karkace.

Ranar jana'izarka a ƙauyenku ba mu cika sahu guda ba. Tsohon limamin garinku ne ya dafa sanda ya fito ya sallace ka, ya ce shi bai taɓa ganin ka bar salla ba. Masu haƙa kabari daga wani ƙauye muka ɗauko su.

Ran sadakar uku Mahdi ya zo da jama'arsa. Ina zaure. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya sa ya tuba kafin ya cika." Laraba ta amsa masa daga bayan labule. Ta ce, "Da kalmar shahada ya cika, a hannuna. Kafin nan ya tambaye ni da ƙyar, ya ce Mahdi bai koma wa ƙwaya ba ko? Na ce bai koma ba. Ya ce alhamdu lillahi." Mahdi ya gyara rawaninsa ya ce, "Shiriya ta Allah ce, ba ta mutum ba." Ya juya ya tafi, don yana da wa'azi a kasuwa.

Ya Allah, ga bawanka Kalilu ya zo maka. Kai ka san abin da ke zuciyarsa, ba ka bukatar shaidar kowa. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da Ma'aruf a Aljanna Firdausi. Malama Laraba, Allah ya ba ki haƙuri ya saka miki da alheri. Fadila, 'yata, ki ɗaga kanki, mahaifinki bai bar miki abin kunya ba. Sauran mutanen garin kuwa ba zan yi musu ta'aziyya ba. Akwai ranar da za a tara mu duka, Malam Kalilu ma yana wurin.

Maliki Kabo, Daura.