Tawul a Fuskar Kwamfuta

A asibitin nan ba wanda ya tuna sunanta na yanka. Anti Riƙe ake ce mata, domin shekara ashirin da uku ke nan tana faɗin magana ɗaya a ɗakin hoton ƙirji: ja numfashi, riƙe, saki. Gajera ce, ga faɗa, kuma in ta manna ƙirjinka da ƙarfen na'urar hoton nan mai sanyi, ko kai wane ne sai ka bi umarni.

Ɗaukar hoto ne aikinta, karantawa na likita ne. To amma likitan da ke karanta hotuna ran Talata kawai yake zuwa, tari kuwa ba ya jiran Talata. Da haka idonta ya buɗe. Takan ƙirga haƙarƙari, ta hango fari inda ya kamata a ga baƙi, ta raɗa wa nas cewa wannan kada a bar shi ya koma gida. Ba kasafai take kuskure ba, kuma ba ta bari a manta da hakan.

Sai aka sa wata manhaja a kwamfutar ɗakin. An ce an nuna mata hotunan ƙirji dubu bisa dubu har ta koyi gane namoniya da tarin fuka, in ta ga abin zargi sai ta zagaye shi da ja. Anti Riƙe ta ji haushi ƙwarai. Ta raɗa mata suna Baƙuwa, ta kuma samo ƙaramin tawul tana rufe gefen fuskar kwamfutar inda amsa ke fitowa. Sai ta duba da idonta ta yanke hukunci, sannan ta ɗaga tawul ta ga ko Baƙuwa ta ci jarrabawa. Galibi bakinsu yakan zo ɗaya, abin da ya ƙara ɓata mata rai.

Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyin hali, yana kiranta Likita don tsokana. Sati uku yana tari yana ɗora laifin a kan garin katako. Da ta ga wandonsa ya fara yi masa yawa, ta tasa shi gaba har ɗakin hoto.

Hoton ya fito, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce masa ƙalau yake, ya sa rigarsa. Har ya kai ƙofa ya waiwayo.

"Likita, ba ki ɗaga tawul ba."

Ta ce ba sai ta ɗaga ba. Gaskiyar magana tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji a kan ƙirjin kowa ba. Shi ya dawo ya ɗaga da kansa. Ga jan zobe ɗan ƙarami can sama, a bayan ƙashin wuya na dama.

Ta dinga faɗa. Ta ce bai ja numfashi sosai ba, ta ce ya motsa, ta sake tsayar da shi ta ɗauka. Zoben ya dawo wurinsa. Da ta ƙura ido sai ta ga tabon, wanda da a ƙirjin wani yake da tuni ta raɗa wa nas. Ta zauna a kujera.

"Baban yara, na gani tun farko," in ji ta. "Idona ne ya ƙi."

Gwajin majina ya tabbatar da tarin fuka, likita kuma ya ce an kama shi da wuri. Wata shida ta tsaya a kansa kowace safiya da kofin ruwa, ba ta gusawa sai ya haɗiye maganin ya buɗe baki ta gani. Ya ce ko a makaranta ba a tsare shi haka ba. A ɗakin hoto kuwa tawul yana nan, don ta ce ido ma in ba a aiki da shi lalacewa yake. Sai dai ta daina kiran manhajar Baƙuwa, ta koma ce mata Ƙanwata.

Ranar da ya gama magani ya sake tsayawa a jikin ƙarfen, wandonsa ya koma daidai ƙugunsa. Ta ce ya ja numfashi, ya riƙe. Ta danna, ta yi sauri ta yaye tawul kafin ma hoton ya gama fitowa. Ba jan zobe ko ɗaya. Ta duba da nata idon, ta sake dubawa, hawaye na zuba ba ta ko share ba.

Can ta ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe da yatsa. Ta waiwaya, ga mijinta kumatu a kumbure, ido ya firfito, yana nan yadda ta bar shi. Shekara ashirin da uku, ranar ce kaɗai ta manta ta ce saki.