Kada a Haɗa da Kurma

Babana mai zanen wayoyin lantarki ne. In za a gina gidan niƙa ko gidan ruwa, shi yake zana takardar da ke nuna kowace waya daga ina ta fito, ina ta nufa, wace lamba ce a jikinta, don masu haɗa akwatin wuta su bi. Shekara ashirin da biyu ya yi a kamfani ɗaya, a ɗaki ɗaya, kusa da wata taga da ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda. Bai yi babbar makaranta ba. A kan teburin zane ya koya, da fensir da rula, har yau akwai kanta a gefen yatsansa na tsakiya.

Duk zanen da ya gama, sai an kai wa injiniya ya sa hannu a kusurwa. Injiniyan nan amininsa ne, rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Mu yaran gida Baffa muke ce masa. Yana da kujerarsa a falonmu, yana da kofinsa na shayi da ba mai taɓawa. Na faɗi wannan ne don a san ba bare ba ne.

Da kwamfuta ta shigo ofis, kowa ya ɗauka ta Baba ta ƙare. Wata uku yana danna ta da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsattsagar tsaba. Amma shi ne ya fara lura cewa rabin abin da suke zanawa maimaici ne: injin nan dai, makunnin nan dai, fis ɗin nan dai. Manhajar tana da hanyar da za ka ajiye guntun zane tare da lambobin wayoyinsa da jerin kayansa, gobe ka jawo shi ka dasa a sabon aiki, lambobin su daidaita kansu. Baba ya ce waɗannan ai tubala ne, ya shiga yinsu ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da abokan aikinsa suke hutun cin abinci. Cikin shekara shida ya tara tamanin da huɗu. Aikin kwana huɗu ya koma na yini guda.

Sai dai Baba bai iya sa wa abu lamba ya bar shi ba, sai ya raɗa masa suna. Tubalin farko Tsohuwa. Na injinan ruwa biyu masu karɓa-karɓa, Tagwaye. Wanda ke raba wutar layi da ta janareta, Mai Gardama. Akwai Ɗan Auta, akwai Sarkin Barci. Duk mai son tubali sai ya zo teburinsa ya ce ga aikin da ke gabansa, sai Baba ya ce, "Ɗauki Tsohuwa, ka ɗora mata Tagwaye." A gida ma ba mu tsira ba. In ni da ƙanwata muka fara musu, sai Mama ta ce, "Ku tafi wajen ubanku ya zana ku."

Wata ranar hutu Baffa ya zo, ya zauna a kujerarsa. Ni na kai musu shayi, don haka da kunnena na ji.

"Abokina, wannan aikin naka ya fi ƙarfin wasa," in ji Baffa. "Manaja yana neman shugaban ɗakin zane. Amma ta yaya zan tsaya a gabansa in ce masa Sarkin Barci? Ka ba su lambobi, ka rubuta bayanin kowanne, mu zuba a babbar kwamfutar ofis. Sauran ka bar min."

Baba ya ce, "To sunayen fa?"

"Suna ai na gida ne. Ofis lamba ya sani."

Mako biyar Baba yana wannan aiki. Ya goge sunaye, ya sa lambobi. A ƙarƙashin kowane tubali ya rubuta inda ake sa shi, da inda ba a sa shi, da kuskuren da ya taɓa gani an yi da shi. Duk abin da ke kansa na shekara ashirin da biyu ya juye shi a wurin, baki har kunne. Mama ta ce masa, "Malam, ka ɗan rage wani abu a cikinka mana." Ya ce mata ilimi ba kayan ɓoyo ba ne, kuma ai Baffa ne.

Ranar taron, aka tura Baba duba wani aiki a bayan gari. Ɗaya daga cikin masu haɗa akwatin wuta ne ya ba shi labari daga baya. Ya ce Baffa ya tsaya gaban allo yana cewa "na tsara", "na tattara", "na ga ya dace". Sunan Baba bai fito ba ko da kuskure. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Manaja kuwa ya yi tambayar da kowane manaja zai yi: tunda yanzu kowa na iya jawo tubali ya dasa, me za a yi da masu zane har huɗu?

Bayan wata biyu aka ba Baba takardar sallama. Shi ne mafi tsufa, shi ne mara takardar makaranta. Da ya dawo gida ya ajiye ta a kan tebur. Na ɗauka na karanta. A ƙasa akwai sa hannun sabon shugaban sashen zane, kuma ko ni na gane shi, balle mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana ganinsa a kusurwar zanensa.

Ni dai ban iya haɗiye abu ba. Na ce wannan cin amana ne, kuma in na ga Baffa sai na faɗa masa a gaban kowa. Baba ya ce in kama bakina. Ya ce wataƙila an fi ƙarfinsa ne, zai zo ya yi bayani. Wata bakwai yana jiran bayanin nan. Yana gyaran fanka da dutsen guga na maƙwabta a baranda, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya ɗaga kai.

Rannan da hantsi Baffa ya yi waya ya ce yana tafe. Baba ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya ce a wanke kofin nan na Baffa. Mama ta wanke shi kamar za ta fasa shi.

Baffa ya shigo da fara'arsa, ya tambayi lafiyar kowa, har ya tsokane ni wai na yi ƙiba. Baba yana zaune yana murza hannu, yana jira. Sai Baffa ya zaro wata takarda daga aljihu ya warware.

"Abokina, wata 'yar tambaya ce ta kawo ni. A ƙarƙashin lamba sittin da uku ka rubuta, kada a haɗa da Kurma. Mun duba ko'ina babu wannan sunan. Wane ne Kurma?"

Ashe a cikin gogewar da Baba ya yi, suna ɗaya ya kuɓuce masa. Abin da ya kawo Baffa gidanmu ke nan bayan wata bakwai.

Na kalli Baba, ina roƙonsa da ido kada ya faɗa. Wannan kaɗai ya rage masa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Aikin me kuke yi da shi?"

"Gidan niƙa ne. Jibi za a fara haɗa akwatin."

"Sittin da uku yana tayar da injin da kansa in wuta ta dawo," in ji Baba. "Kurma shi ne goma sha tara, akwatin da ba shi da ƙararrawa. In kun haɗa su, injin zai tashi ba gargaɗi, hannun wani yana ciki. Ku sa ashirin da ɗaya."

Baffa ya rubuta a bayan takardar, ya duba agogo, ya ce ana jiransa. Ko rabin shayin bai sha ba.

Da ƙarar motarsa ta ɓace, na ce, "Baba, don me ka faɗa masa?"

"Ma'aikacin gidan niƙa bai yi min komai ba."

Ya tashi ya cire rigar, ya linke ta, ya mayar da tsohuwar ta aiki. Har ya kai ƙofar baranda sai ya juyo wajen Mama, ya nuna kofin da ke kan tebur.

"Wannan ki haɗa shi da sauran," in ji shi. "Kowa ma ya sha da shi."