Gayyar da Aka Yi wa Sha'aibu Ɗantsoho

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ana shirin kiran azahar, labari ya ratso Kasuwar Kilomita Biyar daga layin 'yan kwano har ya iske mu 'yan atamfa: Allah ya karɓi ran Malam Sha'aibu Ɗantsoho. Mai abu ya karɓi abinsa, mu ma muna kan layi. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi 'yan kwanaki a gidansa na Yakité, aka sallace shi a Masallacin Koudoukou bayan la'asar. Ya bar matarsa Hureira da 'ya'ya, babbarsu Fauziyya. Ya kuma bar rafin da ya bi ta bayan unguwarmu, wanda ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa yana wankewa, jama'a na binsa a baya suna ɓatawa.

Sha'aibu, na so in rubuta maka yabo zalla in ajiye alƙalami. Abin da aka yi da sunanka tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba shi ya hana ni. Ga kuma matarka tana takaba a gidan da bangonsa ke tsaye bisa gaɓar rafin nan, damina ta kankama. Sai ka yi haƙuri, yabon zai zo da yaji.

Kowa kanal yake ce wa ruwan, wato kwata, kai kaɗai ka ƙi. Kakan ce kakanka ya kama tarwaɗa a ciki, kuma ba a kama tarwaɗa a kwata. Mu dai abin da muka taso muka gani leda ce, da robobi, da mushen kaji, da ƙyallayen teloli, da baƙin mai yana sheƙi a sama. Shekarar da ruwa ya toshe ya juyo ya shiga shaguna, manyan kasuwa suka yi taro, aka sha shayi, aka la'anci gwamnati, aka watse. Ranar Lahadi sai ga ka da takalmin roba da manjagara, ka shiga har gwiwa. Ɗan kasuwa mai shagon kwano da ƙusa, mai rufin asiri, da furfurarsa.

Masu zaman teburin mai shayi suka samu abin kallo. Su suka raɗa maka Limamin Kwaɗi, sunan ya bi ka har kasuwa. Ba ka taɓa fushi ba. Wata safiya dai ka ɗago kai daga cikin ruwa ka ce musu, "Mamuna dai ba sa makara sallar asuba." Aka yi dariya, amma rabin teburin dariyar yaƙe suka yi, don sun san da wa kake.

A hankali mutane suka fara shigowa. Mahmudu mahauci ne na farko, da baronsa. Sai Mama Filomen, mai sayar da garin rogo a tsallaken rafi, wadda takan zo in ta fito daga coci, ta ɗaure zane ta shiga aiki tana yi maka faɗa da Sango, yaren ƙasar nan, wai ba ka iya riƙe manjagara ba. Daga baya samarin gaɓa biyu suka haɗu, waɗanda 'yan shekarun baya, lokacin rikici, ko gadar ba sa yarda su tsallaka. Ba riga mai tambari, ba hoto, ba wanda ya taɓa ba ku ko kwalbar lemo. Ni buhu nake riƙewa, kuma na shaida ba ka taɓa fitowa daga ruwan kafin kowa ba.

Kwashe shara kowa zai iya. Abin da ya fi ci maka rai shi ne gaɓar, wadda duk damina take zaizayewa tana matsowa gidajen mutane. Sai ka rinƙa hawa babur zuwa bakin kogin Mpoko kana ɗauko tushen jema, kana dasawa jeri-jeri, kana tsarma gora a tsakani. Saiwar jema nutsewa take yi cikin ƙasa ta kama ta kamar saƙar tabarma. Da ta yi ƙarfi gaɓa ta daina tafiya. Ruwa ya fara haske. Kwaɗi suka dawo, tarwaɗa ta biyo su, zalɓe ya zo yana tsayawa da ƙafa ɗaya kamar mai jiran ciniki. Muka ga kififiya tana shan hantsi a kan dutse. Daga ƙarshe wata guza ta yi rami a cikin jemar, ka yi murna kamar an yi maka haihuwa. Kakan ce ita ce ma'aikaciyarka da ta fi kowa, tana cinye ɓeraye da mushe, ba ta neman hutun Juma'a. Masu hankalin unguwa kuwa suka ce ka kawo musu daji cikin gari, wasu har da raɗe-raɗin iskoki kake kiwo.

Ba zan manta da butar Alhaji Muktar ba. Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai garejin nan da ke sayar da man inji da kayan babura, wanda ya haƙa 'yar hanya daga bayan garejinsa baƙin mai na gangarowa rafi. Ka yi masa magana a ɓoye, ka aika masa dattawa, ya ce ai ruwa mai tafiya ba ya ɗaukar dauɗa. Wata la'asar yana zaune zai yi alwala a ƙofar masallacin unguwa, sai ka durƙusa cikin ladabi ka ajiye masa buta. Ya tsiyaya a tafinsa, hannun ya fito baƙi ƙirin. Ka ce, "Alhaji, mai tafiya ne, yanzu na ɗebo shi." Ya toshe hanyar man, amma bai ƙara amsa sallamarka da baki cike ba.

Haka duk Layya kake bin lunguna da rabin durom, kana roƙon mutane su zuba ƙazantar tumbi a ciki maimakon su kai rafi. Wasu su zuba, wasu su jira ka juya baya. Kai da Mahmudu ku kai ku binne a gindin mangwaro, ku dawo gida ba ku ci naman kowa ba.

To, yanzu ga abin da aka yi maka, tunda ba ka nan.

Ranar addu'ar bakwai ina Garoua-Boulaï na je karɓo kaya, sai da na dawo Mahmudu ya ba ni labari, idona kuma ya ƙarasa mini sauran. Ana shafa fatiha Alhaji Muktar ya miƙe, ya share ido da bakin rawani, ya ce unguwa ta yi rashin gwarzon tsabta, ba abin da ya kamata sai a yi gayya a ƙarasa aikin marigayi. Aka yi kabbara. Mutanen da shekara da shekaru ko ledar ruwa ba su taɓa tsamowa ba suka fito da adduna da faretani da jarkar fetur. Ka san mutanenmu: tsabta a wurinmu ita ce ƙasa tas kamar tsakar gidan amarya, ba ganye, ba inuwa, an share an yayyafa ruwa. Suka dubi jemarka suka ga ciyawar da ciwo ya hana ka nomewa.

Suka sare ta. Gorar suka yi dirakun rumfar zaman makoki da ita, naka zaman makokin. Abin da ya rage suka cinna masa wuta, da sheƙunan tsuntsaye da duk abin da ke ciki. Mahmudu ya yi magana aka ce ba ya kishin marigayi. Mama Filomen ta tsaya daga tsallake tana ɗaga hannu, aka ɗauka gaisuwa take yi, aka mayar mata. Da hayaƙi ya fito da guzar daga raminta, jarumai suka taru mata da sanduna, aka ja ta a ƙasa ana nuna wa mata irin bala'in da aka raba su da shi. Ba wanda ya san inda ta ƙare, amma an ce wani lungu ya kwana da ƙamshin farfesu. Sannan aka shafa wa duwatsu farar ƙasa, aka jera aka ɗauki hoto, Alhaji a tsakiya yana riƙe da manjagararka ta kai.

Ko da haka da an bar saiwar, jema ba ta jin wuta, da ta sake tofowa. Amma nan Kilomita Biyar ce. Wani ya tuna saiwar jema ita ake sakawa a randa don ƙamshi, ita ake haɗa turaren wuta da ita. Kafin mako ya zagayo an tone gaɓar kamar gonar rogo. Da idona na ga saiwarka ƙulli-ƙulli a faifai a bakin kasuwa, mai tallar tana rantsuwa daga Cadi aka kawo ta. Gyaran gangar Auzinawa ma ya fi wannan, don su ganga kawai suka ɓata.

Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, gaɓar ta zame kamar tuwo mai ruwa. Rafin ya koma ja. Makewayin gidaje biyu ya tafi, bangon ɗakin bayanka ya tsage daga sama har ƙasa, hannu na shiga. Abin da ya hana shi faɗuwa ɗan guntun jemar da ke daidai bayan gidanka ne, wanda suka ƙyale ranar don kunyar kusantar tagar mai takaba. Shi kaɗai ya rage. Hureira kuwa ba ta da damar kwashe kaya ta koma wani wuri. Wata huɗu da kwana goma Allah ya ɗora mata a gidan mijinta, kuma duk damina ta faɗa ciki.

Kana zaton zamewar gaɓa ta koya musu wani abu? Sai suka ce ai ga shi nan, aikin ne bai ƙarasa ba. Alhaji Muktar ya sanar cewa ranar arba'in za a share ragowar ciyawar, a zuba siminti, a jera 'yan shaguna a bakin ruwa, a sa musu suna Layin Sha'aibu don tunawa da kai. Bai faɗi wanda zai karɓi haya ba, ba wanda kuma ya tambaya, don ko makaho ya san rana ta fito. Har siminti ya iso daga Kamaru. Dattawan da ya kamata su tsawata suka ce a bar kaza cikin gashinta, Alhaji mutum ne mai hidimar masallaci.

Matarka ce ta yi abin da mazan unguwa suka kasa, ba ta ko taka ƙofar gida ba. Ranar Asabar da hantsi, majalisar Alhaji ta cika a ƙofar gareji, ina wucewa, sai ga Fauziyya cikin hijabi. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ka san Hausarta, sai ta jingina da Sango take tsayuwa, amma ranar ba ta yi tuntuɓe ba.

Ta ce, "Baba Alhaji, singila mingi, mun gode da ɗawainiya. Mama ta ce in gaya maka ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin baya, mai tsagaggen bango. A nan za ta ƙarasa takabarta. Ta ce duk wanda zai zo da adda ranar arba'in, don Allah ya fara yi mata sallama ta taga ya faɗi sunansa, don ta san wanda za ta ambata in ta riga shi zuwa gaban Allah."

Ta miƙe ta yi musu sai an jima.

Daga ranar cututtuka suka ɓarke a unguwa. Wannan ciwon baya, wancan tafiya Douala ta taso masa, wani ya tuna addarsa aro ce. Simintin ya sulale ba sallama, sai ga daɓen garejin Alhaji ya yi sabo ful. Jiya a wurin mai shayi na ji shi da kunnena yana cewa shi dama tun farko ya ce a bar ciyawar nan, yara ne ba sa jin magana. Aka gyaɗa kai, aka ce ƙwarai, Alhaji ya faɗa. Allah ya kiyashe mu da irin wannan tunani, wanda yake wanke kansa kafin ruwa ya zo.

Ranar Lahadin da ta wuce Mahmudu da Mama Filomen da 'yan tsirarun da ka bari suka koma. Daga guntun nan suke tsagar tushe kaɗan-kaɗan suna dasawa a inda aka tone, wasu sun tafi Mpoko ɗauko ƙari. Sabuwar jema ba ta kama ƙasa a wata ɗaya, ruwan Agusta kuma ba ya jiran kowa. Ban san wanda zai riga wani ba. Wanda yake son yi maka sadaka ranar arba'in, shinkafa ta ishi gidan. Ya zo da tushen jema da takalmin roba, ya bar kyamara a gida.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hureira, da Fauziyya da ƙannenta, da dangin Ɗantsoho na nan da na Zinder, da abokan aikinsa na gaɓa biyu. Ga waɗanda suka yi gayya ba ni da ta'aziyya, don ba su san abin da suka rasa ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sha'aibu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa. Ka sa duk abin cutarwar da ya kawar daga hanyar ruwa ya zame masa nauyi a mizani, duk mai ran da ya sha ko ya fake a abin da ya dasa ya zame masa shaida. Ka shayar da shi daga ƙoramun da ba mai iya gurɓata su. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka kyautata namu ƙarshen. Kuma ya Ubangiji, Kai da ka riƙe sama ba dirka, ka riƙe wa baiwarka bangon nan har ta fita takaba.

Abdulrahim Siddiq
Layin 'yan atamfa, Kasuwar Kilomita Biyar